Dahuwar Naman Shanu a Tukunyar Matsi ta Lantarki: Yadda Take Aiki da Gurbinta a Girkin Bahaushe

Tsakure

Tukunyar da ke dafa abinci da matsin tururi ta fara samun gurbi a madafan Hausawa mazauna birane, musamman samfurinta mai aiki da lantarki. Wannan maƙala ta ɗauki miyar naman shanu a matsayin misali, ta bayyana dalilin da ya sa nama ke saurin nuna a cikin tukunyar, da matakan girkin da take sauƙaƙawa da waɗanda ba ta iya ɗauke wa mai girki. An kuma duba abin da rufe tukunya ruf ke yi wa kalmomin da Bahaushe ya saba auna dahuwa da su, da batun sunan da ya dace a kira tukunyar da shi.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Duk wadda ta taɓa ɗora ƙafar sa ko ganda a murhu tun hantsi, ta kai la'asar tana iza wuta tana ƙara ruwa, ta san inda aka samo wannan karin magana. A girkin gargajiya lokaci da itace su ne kuɗin da ake biya kafin nama ya yi laushi, kuma a yau dukansu biyu sun yi tsada. Tun bayan cire tallafin man fetur a Nijeriya a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin sufuri ya ja farashin gawayi da itace da sauran kayan masarufi sama, ga kuma matan aure da yawa a Kano da Kaduna da Sakkwato da ke fita aiki ko makaranta, ba su da awa uku da za su tsare tukunya. Wasu sun koma ga dabarun da ke cutarwa, kamar jefa ƙwayar farasitamol a cikin nama don ya yi saurin nuna, al'adar da hukumar NAFDAC ta yi gargaɗi a kanta. Saboda haka tambayar yadda za a dafa nama mai tauri cikin ɗan lokaci ta shafi aljihu, ta kuma shafi lafiya.

2.0 Asalin Tukunyar

Wani masanin kimiyya Bafaranshe mai suna Denis Papin ne ya ƙera tukunyar farko ta wannan nau'i a shekarar 1679, lokacin yana zaune a Landan. Manufarsa ita ce narkar da ƙashi da nama mai tauri, ya kuma sanya mata mafitar da ke buɗewa da kanta idan tururi ya yi yawa, don kada ta fashe. An daɗe tana hannun masana da masana'antu kafin ta shiga gidaje sosai a ƙarni na 20, musamman daga 1939 da kamfanin Presto ya baje kolin tasa a birnin New York. Wannan ita ce wadda ake ɗorawa a kan risho ko gas, mai yin fito idan ta ɗauki zafi, wadda mata da yawa ke tsoro. Mai aiki da lantarki ta fito ne daga ƙasar Sin a farkon shekarun 1990, ta kuma yi suna a duniya bayan fitowar Instant Pot a Kanada a 2010. Bambancinta da ta kan wuta shi ne tana da na'urar da ke auna zafi da matsi, tana kunna wutar tana kashewa da kanta, murfinta kuma ba ya buɗuwa muddin akwai matsi a ciki.

3.0 Dalilin Saurin Dahuwa

A buɗaɗɗiyar tukunya ruwa yana tafasa ne a digiri 100 na ma'aunin Salshiyos idan ana daidai da doron teku. Da zarar ya kai nan, komai yawan itacen da aka iza zafinsa ba zai ƙaru ba, sai dai ya yi ta ƙonewa yana tashi a matsayin tururi. Wannan ne ya sa iza wuta ba ya gaggauta nunar nama, illa ya ƙone romo ya cinye itace. A wurare masu tudu abin ya fi haka muni, domin iska ta fi sauƙi a can: a Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 96, shi ya sa wake da nama ke jan lokaci a can fiye da yadda suke yi a Legas.

Idan aka rufe tukunya ta yadda tururi ba shi da mafita, sai ya taru a saman ruwan ya danne shi, ruwan kuma ba zai iya tafasa ba sai ya ɗauki zafin da ya fi na da. Tukunyar kan wuta takan ƙara matsin da ya kai kilofaskal 100, abin da ke kai ruwa digiri 120 ko 121. Ta lantarki ba ta kai haka ba, takan tsaya tsakanin kilofaskal 70 da 80, wato zafin digiri 115 zuwa 118. Ƙarin digiri 15 ko 18 ba ya da yawa a ido, amma masana sinadarai suna da ƙiyasin cewa duk ƙarin digiri 10 yakan kusa ninka saurin irin waɗannan sauye-sauye. Ke nan abin da zai ci awa biyu yana iya komawa minti 35 ko 40.

Abin da ke sauyawa a cikin naman shi ne abin da mahauta ke kira jijiya, da farar tantanin da ke naɗe da tsoka. Sinadarin da ya gina su, wato kolajin, shi ne ke sa nama tauri. Idan ya daɗe cikin ruwa mai zafi sai ya narke ya zama wannan danƙon da ke kama leɓe idan an sha farfesun ƙafar sa, wanda kuma ke sa romo ya daskare idan ya kwana cikin sanyi. Ita kuwa tsokar kanta, zafi matse ta yake yi ya fitar da ruwan jikinta. Saboda haka abubuwa biyu ne ke gudana a lokaci guda, jijiya tana narkewa tsoka tana bushewa. Yankan da ke da jijiya da kitse, irin su ƙwauri da wuya da ƙirji da haƙarƙari da jela da tozo, shi ne ke yin daɗi a wannan tukunya. Zallar tsokar cinya kuwa takan fito a wargaje kuma a bushe, tana saɓulewa zare-zare kamar za a yi dambun nama da ita.

Rufe tururi ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Mai yin dambu takan liƙe mahaɗar madambaci da tukunya da tsumma ko ƙullu don kada suraci ya tsere ta gefe. Sai dai a madambaci tururin yana ratsa tsaki ne ya fice ta sama, don haka zafinsa ba ya wuce na tafasasshen ruwa. Turarawa ce ba tare da matsi ba.

4.0 Naman da Ke Kasuwanninmu

Littattafan da ke zuwa tare da waɗannan tukwane an rubuta su ne da naman Turai da Amurka a zuci: shanun da aka yi kiwonsu a killace, aka yanka su da ƙuruciya, aka kuma ajiye naman cikin sanyi na kwanaki har ya saki. Naman da ke zuwa mahautanmu daga kasuwanni irin su Maigatari da Potiskum da Wudil da Illela na Bunaji ne da Rahaji da Bokolo, shanun da suka yi shekaru suna tafiya neman ciyawa da ruwa, wasu ma sun yi huɗa. Ana yanka su da asuba a sayar da naman kafin azahar, a daidai lokacin da tsoka ke sandarewa bayan yanka. Irin wannan nama ya fi ɗanɗano, ya kuma fi tauri nesa ba kusa ba. Wanda ya bi lokacin da littafin ya rubuta sau da ƙafa yakan buɗe tukunya ya tarar da nama yana nan da sauransa. A gwajin mai wannan maƙala a madafinta, naman da littafi ya ba minti 25 yakan nemi 35, na tsohon sa kuma har 45, ganda da ƙafa kuwa sukan kusa cika awa.

A nan ne tukunyar ta fi yi wa Bahaushe amfani fiye da waɗanda aka ƙera ta dominsu. Tana ɗauke buƙatar kanwa, wadda ake sakawa don ta sassauta nama ko wake amma tana lalata wasu sinadaran gina jiki kamar bitamin B1, tana kuma sauya launin romo da ɗanɗanonsa. Kanwa ma ba ta dace da wannan tukunya ba, domin tana tayar da kumfa, kumfa kuma na iya toshe mafitar tururi.

5.0 Haɗa Miyar

Ya kamata a fara bambance abubuwa biyu da ake kira da suna ɗaya a Turanci. Abin da Bature ke nufi da miyar naman shanu shi ne nama da dankalin Turawa da karas da albasa a cikin romon da aka kaurara da fulawa, ana shansa haka nan ko da burodi. A wajen Bahaushe wannan ya fi kusa da farfesu ko fate. Abin da ake zuba wa shinkafa ko doya a gidajenmu kuwa jar miya ce, wadda wasu ke kira miyar dage-dage: tumatir da tattasai da attaruhu da albasa da aka markaɗa ko aka jajjaga, aka soya su cikin mai har tsaminsu ya mutu. Nau'in farko da tukunyar matsi kamar an yi su don juna ne. Nau'i na biyu yana da matsala da ita, kuma matsalar tana cikin kalmar soyawa.

Suya tana buƙatar ruwa ya ƙone ya bar abinci da mai. Sai zafi ya haura wajen digiri 140 ne nama ke yin ja ya ba da ƙamshin suya, sauyin da ake danganta bayaninsa ga Bafaranshen nan Louis-Camille Maillard tun 1912. A cikin rufaffiyar tukunya ruwa ba ya ƙonewa, zafi kuma ba ya kaiwa can. Wadda ta zuba ɗanyen nama da markaɗe da mai ta rufe, za ta sami nama mai laushi yana iyo cikin tsululun ruwan tumatir mai tsami. Idan kuma ta rage ruwan ta sa tumatirin gwangwani mai kauri a ƙasa, sai ya kama gindin tukunya, na'urar ta ji zafi ya wuce kima ta kashe kanta kafin matsi ya taru.

Hanyar da ta fi dacewa da jar miya ita ce wadda uwayenmu suka saba da ita, a raba aikin biyu. Ga nama kilo ɗaya, a yanka shi manya-manya, domin ƙananan yanka sukan dagargaje. A kunna tukunyar a matakin suya, murfi a buɗe, a zuba man gyaɗa kaɗan a soya naman kashi-kashi har ya yi ja. Idan aka juye shi gaba ɗaya sai ya fitar da ruwa ya koma sulala. A zuba ruwa kofi ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a kankare duk abin da ya kama a ƙasa da cokalin katako, domin a nan ɗanɗanon yake kuma shi ne ke jawo ƙauri idan aka bar shi. A sa albasa da citta da tafarnuwa da kanumfari da masoro da gishiri, a rufe, a ba shi minti 30 zuwa 35 a babban matsi. Hannun da ya saba da murhu yakan so ruwa ya sha kan nama, amma a nan kuskure ne, domin ruwan da aka zuba shi za a tarar, har da ƙarin wanda naman ya fitar. Kada kuma abin da ke ciki ya wuce kashi biyu cikin uku na tukunyar, ko rabi idan wake ne.

Idan lokacin ya cika, a bar ta ta huce da kanta na minti 10 zuwa 15 kafin a saki ragowar tururin. Sakin tururi nan take yana sa romo ya tafasa da ƙarfi a ciki, yana iya fesowa ta mafita, naman kuma yakan fi bushewa. A cikin wannan jira ne ake soya markaɗen, ko dai a wata tukunya a kan gas ko gawayi, ko kuma a kwashe naman da romonsa a soya a cikin ita kanta tukunyar a buɗe. Idan mai ya taso ya kwanta a sama, sai a mayar da nama da romo gwargwadon kaurin da ake so, a bar su su haɗa jiki na minti 10. Ga mai son nau'in Turawa, sai a zuba dankali da karas bayan naman ya nuna a sake rufewa na minti 4 ko 5, domin idan aka sa su tun farko narkewa za su yi.

Idan aka haɗa lissafi da gaskiya, suyar nama da minti 10 zuwa 15 da tukunyar ke ɗauka kafin matsi ya taru da dahuwar da hucewar, aikin yakan haura awa ɗaya. Masu talla minti 30 ɗin tsakiya kawai suke ambata. Ribar da ta fi girma ita ce a mafi yawan wannan lokaci mai girki ba ta tsaye a kan tukunya.

Miyar kuka da kuɓewa da karkashi ba a rufe su a cikinta. Kaurinsu da yauƙinsu na iya toshe mafita, kuma kaɗa miya da maburgi aiki ne na buɗaɗɗiyar tukunya. Sai dai a dafa naman da daddawa a rufe, a kaɗa miyar bayan an buɗe. Mai yin haka ta sani cewa zoben robar da ke cikin murfi yana riƙe wari, kuma daddawa ba ta barinsa da sauƙi. Shinkafar da aka dafa washegari takan ba da labari.

6.0 Kalmomin Girki a Gaban Rufaffiyar Tukunya

Wannan ɓangare ne ya fi shafar manazartan Hausa. Bahaushiya ba ta auna girki da agogo. Tana cewa ruwa ya yi tsuwa, ya tausa, ya tafasa. Nama ya yi tafasa ɗaya ko biyu. Miya ta tsotse, mai ya fito, ta fara kamu, ta yi ƙauri. Kowace kalma a cikin waɗannan tana dogara ne da wata gaɓa: kunne, ido, hanci, harshe, ko yatsan da ke latsa tsoka a bayan ludayi. Haka ake koyar da girki, yarinya tana tsugune a gefen murhu ana ce mata ta duba, ta juya, ta ɗanɗana gishiri, ta rage wuta. Tukunyar matsi ta toshe waɗannan ƙofofi duka na tsawon dahuwar. Ba a buɗewa, ba a juyawa, ƙamshi ma kaɗan ne ke fita, har maƙwabta ba sa sanin an ɗora nama. Abin da ya rage shi ne lamba a fuskar na'ura, kuma dole a yanke shawarar lambar tun kafin a rufe.

Ke nan ilimin da ke zaune a hannu da hanci sai an mayar da shi minti da kofi. Ana ganin alamar haka a shirye-shiryen girki na Hausa a YouTube da TikTok, inda ma'auni da lokaci ke zuwa da Turanci a tsakiyar jimlar Hausa, domin maɓallan tukunyar da Turanci aka rubuta su. A ganin mai wannan maƙala, kalmomin suya ba su cikin haɗari, tun da suya tana nan a buɗe. Waɗanda za su iya raguwa a bakin 'yan birni su ne na tsare tukunya: iza wuta, janye itace, ƙara ruwa, tafasa ɗaya. Wannan hasashe ne da ke jiran mai tattara bayanai daga bakin masu girki na zamani daban-daban.

Sai batun suna. Hausa takan karɓi baƙon abu ta hanya uku. Takan ari kalmar ta gyara ta, kamar yadda harafin p ke komawa f a kuma raba baƙaƙen da suka haɗu, irin firamare da farfesa. A nan sai a sami firesha. Kashi na biyu na sunan Turancin kuwa yakan faɗo daidai kan kuka, kalmar da Hausa ta riga ta ba bishiya da kuma zubar hawaye, ko da yake tsohuwar tukunyar mai fito ta cancanci ma'ana ta biyun. Takan kuma siffanta abu da aikinsa, kamar jirgin sama da gidan waya. Ko kuma jama'a su raɗa masa harɗaɗɗen suna irin dafa-duka da a-daidaita-sahu da a-kori-kura, wanda ba masani ne ke ƙirƙirarsa ba. Tukunyar lantarki ba ta wadatar ba, domin ta haɗa da ta dafa shinkafa, wadda ba ta tara matsi. Tukunyar tururi tana kai hankali ga madambaci. An zaɓi tukunyar matsi a wannan maƙala saboda gajarta, kuma saboda matsi ne ya raba ta da sauran, duk da cewa kalmar ta fi saurin tuna wa mai sauraro matsin rayuwa. Sassanta ma suna buƙatar sunaye tsayayyu, musamman na tsaro: zoben murfi, mafitar tururi, da ɗan ƙarfen da ke tasowa ya kulle murfi, wanda faɗuwarsa ce alamar an iya buɗewa. Mace da ba ta karanta Turanci, ko 'yar aikin da aka bar wa girki, tana buƙatar a gaya mata da Hausa cewa ba a sa fuska ko hannu a saitin mafita, ba a kuma tilasta murfi.

7.0 Matsalar Wuta

Tukunya mai cin lita 6 takan ja wajen wat 1,000, amma ba ta jan haka sai a farkon aiki. Da zarar matsi ya taru sai ta riƙa ɗaukar wuta jefi-jefi, domin jikinta a lulluɓe yake ba ya zubar da zafi. Saboda haka dahuwar nama ɗaya ba ta cinye yunit guda na mita. Ko a farashin Naira 225 kowane yunit da hukumar NERC ta sanya wa 'yan rukunin A a watan Afrilun 2024, wannan bai kai kuɗin gawayin da zai dafa ƙafar sa ba. Amma 'yan rukunin A su ne aka yi wa alkawarin awa 20 na wuta a rana, na rukunin E kuwa awa 4, kuma ba su san lokacin da za ta zo ba. Ƙaramin janaretan da ke gidaje da yawa ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, don haka ba ya ɗaukarta.

Idan aka ɗauke wuta bayan matsi ya taru, tukunyar takan ci gaba da dafa abin da ke ciki da zafin da ta riƙe, har matsin ya sauka da kansa. Ya taɓa faruwa da mai wannan maƙala ana saura minti 12, aka bar ta a rufe, da aka buɗe naman ya nuna. Idan kuwa aka ɗauke ta tun tukunyar tana ɗaukar zafi, sai a jira ƙarfen kulle ya faɗa a juye naman a mayar kan gawayi, kada a bar shi da ɗumi-ɗumi yana jiran wutar da ba a san ranar dawowarta ba, domin a irin wannan ɗumi ne ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa. Girmanta ma iyaka ne. Lita 6 ta ishi gidan mutum biyar ko shida, ba ta isar gidan gandu, balle girkin suna ko biki. A Babbar Salla kuwa, da ake soya nama a kasko har ya bushe don ya daɗe, rabonta shi ne kai da ƙafa.